Gaz ɗin kilim ba ya ƙarewa, zuba yake yi

Motata ta girmi ɗana na fari da shekara shida. Ƙirar 2002 ce, ƴar Japan, irin waɗanda ke gama rayuwarsu ta farko a Turai, sannan a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano su fara ta biyu a hannunmu. Na saye ta a 2019 nan Maraɗi, bayan na kwashi adashi na haɗa da ɗan bashi. Duk malamin makarantar da ya taɓa sayen mota ya san ranar da ka karɓi makulli ka ƙara iyali ne, domin ita ma tana da ci, tana da rashin lafiya, kuma ba ta jiran ƙarshen wata.

Shekara biyu na farko na'urar sanyaya motar, wadda muke ce wa kilim, ba ta ba ni wahala ba. A bazarar 2022 sanyin ya fara raguwa. Na tsaya wurin wasu samari masu gyaran kilim a bakin titi, ban jira sun duba ba na ce musu gaz ya ƙare, su ƙara mini. Suka ɗaura tiyo, suka buɗe tukunya, cikin minti goma iska mai sanyi ta bugi fuskata. Na biya jika 8 na tafi ina jin daɗi. Ba a yi wata biyu ba na koma, na sake biyan jika 8. Da damina ta sauka na manta da zancen, da hunturu ya zo ma ba a maganar kilim. Sai a watan Maris na 2023, ana gab da kama azumi, na koma karo na uku, saboda akwai tafiya a gabana.

Mahaifiyata tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma an ba mu ranar ganin likita a asibitin Galmi. Daga Maraɗi zuwa can kusan kilomita 200 ne, a bi ta Gidan Rumji da Madawa. Muka tashi bayan sallar asuba, ni da ita da maiɗakina. Tafiya ta yi daɗi, kilim na sanyi, har ina yabon samarin nan a zuciyata. Dawowa ce ta tona asiri. Mun baro Galmi wajen ƙarfe biyu na rana, cikin watan Afrilu, lokacin da kwalta ke rawa a ido. Muddin ina gudu, iskar da ɗan dama. Da muka shigo Madawa muka tarar da manyan motocin albasa sun tare hanya, muka tsaya cik. Kafin minti biyar iskar da ke fitowa ta koma ɗumi, daga nan ta koma kamar numfashin tanda. Na sauke gilashi, ta waje ta fi ta ciki zafi.

Inna ta ɗauki azumi ranar, duk da an ce mata mara lafiya da matafiyi suna da rangwame. Na hango ta a madubi ta jingina kai, idonta a lumshe, leɓenta ya bushe. Maiɗakina ta jiƙa mayafi ta ɗora mata a ka, tana ta cewa, "Inna, don Allah ki sha ruwa." Da ƙyar ta karɓa. Muka samu gindin wani bedi muka kwantar da ita a kan tabarma fiye da awa guda kafin ta dawo hayyacinta. Da ta tashi ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ka bari mun shiga motar haya, ai su ba sa rufe mutum da alkawarin sanyi." Har yau ban manta da wannan magana ba.

Daren nan na zauna na yi lissafi. Jika 24 na kashe, kuma ban taɓa tambayar kowa inda gaz ɗin ke tafiya ba. Ni da na yi makarantar horon malamai, aka koya mini cewa kafin ka ba yaro magani sai ka gano inda karatunsa ya karye, ga ni ina zuba ruwa a kwando sau uku.

Abin da na fara yi shi ne neman sanin yadda abin yake aiki, kuma ashe ba shi da wuya. Kilim ba ya ƙera sanyi, kwashe zafi yake yi daga cikin mota ya zubar a waje. Duk wanda ya sha ruwan randar ƙasa ya san asalin dabarar: ruwan da ke tsattsafowa a jikin randa yana bushewa, kuma wajen bushewar yake tafiya da zafin ruwan ciki. A mota, gaz ɗin ne ke wannan aiki. Yana shiga wani ƙaramin akwati mai siraran ƙarafa da ke ɓoye a gaban mota, bayan aljihun ajiye takardu, yana ruwa-ruwa, sai ya tafasa ya koma iska. Tafasarsa a cikin sanyi mai tsanani take faruwa, domin R134a, wanda yawancin motocinmu ke amfani da shi, a sarari yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifiri. Wajen tafasar yake zuƙe zafin iskar da fanka ke turowa ta cikin akwatin. Daga nan kwamfuresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa, ta matse shi ta tura shi kwandensa, wato wancan faifan da ke gaban radiyeta. A can iskar waje ke kwashe zafin, gaz ya koma ruwa, ya sake zagayowa.

Ke nan zagaye yake yi a rufe. Ba a ƙona shi kamar man fetur, ba ya ƙarewa don an yi tafiya mai nisa. Tsohuwar mota takan yi asarar ɗan kaɗan a hankali cikin shekaru, ta jikin tiyo da zobban roba da suka tsufa. Amma wanda aka cika yau ya ragu bayan sati shida, wannan huda ce a wani wuri. Kalmar "ya ƙare" da muke faɗa ita ce ta fara ɓatar da mu.

Na ari ma'aunin zafi wurin wani abokin aiki mai koyar da kimiyya, na ware shafi a tsohon littafin shirya darasi. Kwana huɗu ina soka ma'aunin a bakin mafitar iska ta tsakiya ina rubutawa. Da safe a inuwa, mota a tsaye, waje na digiri 33, iskar kilim na 19. A kan hanyar Tibiri ina gudun 80, ta sauko 14. Ƙarfe biyu na rana a ƙofar gida, waje na 43, mota a tsaye inji na aiki, ta hau 31, kuma ina jin kwamfuresa na kamawa tana saki, ƙas, ƙas, kamar mai shakka. Lambobin suka faɗa mini abin da Madawa ta riga ta faɗa: matsalar tana tsananta ne idan mota ta tsaya. Idan ana gudu, iskar hanya ce ke ratsa kwandensa ta sanyaya ta kyauta. Idan an tsaya, fanka ce kaɗai ke wannan aiki.

Na buɗe kapo, na sa yarona ya danna maɓallin kilim. Fanka biyu ne a bayan radiyetar motata. Ɗaya ta tashi, ɗaya ko motsi. Na haska fitilar waya a jikin kwandensa, sai na ga ramukanta sun toshe da ƙura da busasshiyar ciyawa da fikafikan fara, har da guntun leda da ya manne. A gefe guda, inda wani tiyo ya haɗu da ita, akwai wani baƙin danshi da ƙura ta lulluɓe. Na taɓa, mai ne. Daga baya na gane cewa gaz yana zagayawa ne tare da man da ke shafe kwamfuresa, don haka duk inda gaz ya sami hanyar fita, man kan bar shaida. Wannan tabon yana nan tun tuni. Sau uku ana buɗe kapo ɗin nan, har da ni a tsaye, ba wanda ya kalle shi.

Wani direban asibiti da muke salla masallaci ɗaya ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran firji da kilim a cikin gari, can wani lungu da ba ka ganinsa daga titi. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, yana zaune a kan tsohuwar kwamfuresa. Saboda sabo, bakina ya riga ni, na ce, "Baba, gaz nake so a ƙara mini."

Ya dube ni ya ce, "Mushe, wa ya shanye na ciki?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in dai ƙari kawai nake so, ga yara can bakin titi, shi ba ya karɓar kuɗin da zai sa a zage shi bayan wata guda. Na ciro littafina na nuna masa lambobin, na gaya masa zancen fanka da tabon mai. Nan ya saki fuska, ya ce rabonsa da ganin mai mota ya zo da rubutu har ya manta.

Na zauna wurinsa tun hantsi har bayan la'asar, kuma abin da na gani ya sa nake wannan rubutu. Bai taɓa tukunyar gaz ba sai can ƙarshe. Ya fara ɗaura agogo biyu, shuɗi a ɓangaren da ƙarfin gaz ke ƙasa, ja a ɓangaren da yake sama. Da aka kunna, allurar jan ta yi ta hawa har kwamfuresa ta saki. Ya ce kin gani, wato yana yi wa motar magana, ke ba rashin gaz kaɗai ke damunki ba, zafi ne ya rasa hanyar fita. Ya bayyana mini cewa akwai wani ɗan makunni da ke kashe kwamfuresa idan ƙarfin gaz ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don kada ta lalace. Ƙas-ƙas ɗin da nake ji ke nan. Ya ɗebo ruwa a buta ya watsa wa kwandensa, nan take allurar ta sauko, iskar ciki ta ƙara sanyi. Wannan gwaji ne da kowa zai iya yi a gida: in ka watsa mata ruwa sanyi ya ƙaru sosai, to ka nemi laifin a fanka ko a toshewar kwandensa.

Fankar ba ta mutu ba. Wani ɗan akwati ne kamar na ashana, rele, ya ƙone a cikin akwatin fis. Ya ciro irinsa daga wani gurbi ya gwada, fanka ta tashi. Jika 2. Sannan ya kwance saman radiyeta ya ɗan janye ta baya, ya nuna mini tsakaninta da kwandensa. Abin da ke ciki ya yi kama da bargo. Ya wanke da ruwa a hankali daga baya zuwa gaba, ya gargaɗe ni kada in bari masu wankin mota su sa mata injin feshi mai ƙarfi kusa-kusa, domin siraran ƙarafan lanƙwashewa suke yi su rufe hanyar iska.

Wajen tabon mai kuwa, ruwan sabulu ya shafa. Muka tsuguna muna kallo, sai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Zoben roba ne da ya bushe ya tsage, abin dala ɗari. A ganinsa, rashin fankar ne ya sa ƙarfin gaz ke hawa fiye da kima kullum, har tsohon zoben ya kasa. Ke nan cuta biyu ce, ɗaya ta haifi ɗaya, ni kuma ina ta sayen maganin ta uku.

A nan tunanina ya tafi wurin wata yarinya da na taɓa koyarwa a CM1. Kullum tana kuskure wajen kwafe lissafi, na ƙara mata aikin gida, mahaifinta ya ɗauko mata mai darasin yamma yana biya duk wata. Sai wata rana da aka gyara zaman aji ta dawo layin gaba, kuskuren ya ɗauke. Allo ne ba ta gani daga baya. Mun yi kusan shekara muna ƙara mata gaz.

Da ya canza zoben, ya ce sai an canza wata ƴar kwalbar ƙarfe da ke gefen kwandensa, mai tsotse danshi daga cikin gaz. Na yi ƙorafi, don jika 9 ce. Ya ce samarin da suka cika mini ba su taɓa zuƙe iskar ciki ba kafin su zuba, kuma iska da danshi su ne maƙiyan kilim: iska na hana gaz aiki yadda ya kamata, danshi kuma kan daskare ya toshe ƴar ƙofar da gaz ke bi ya shiga akwatin sanyi, ya kuma ɓata mai ya ci ƙarfe daga ciki. Ya ɗaura injin zuƙe iska ya bar shi yana aiki fiye da rabin awa, ya kashe, ya ce mu je mu yi azahar. In mun dawo allura ta motsa, akwai sauran huda. Muka dawo tana inda take.

Sai a lokacin ya jawo tukunyar gaz, ya ɗora ta a kan sikeli. Ya nuna mini wata ƴar takarda manne a ƙarƙashin kapo, wadda na shekara huɗu ina gani ban karanta ba. Ta rubuta irin gaz ɗin da nauyin da motar ke ɗauka, kusan rabin kilo. Ya zuba daidai wannan, ya rufe. Ya ce cikawa da ido, ko da taɓa tiyo a ji ya yi sanyi, caca ce, kuma gaz in ya yi yawa rage sanyi yake yi, ya kuma wahalar da kwamfuresa. Masu motocin da suka girmi tawa su lura da takardar nan sosai. Motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R12 suka zo, wanda aka daina yi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama, kuma man da yake tafiya da shi daban ne da na R134a. Ba a gauraya su. Haka kuma kada araha ta sa a yarda a zuba wa mota gaz mai kama wuta irin na girki, a tuna akwatin sanyin a gaban gwiwar mutum yake.

Saura abu guda. Iskar ta yi sanyi, amma ba ta fitowa da ƙarfi ko an kai fanka ƙarshe. Ya sauke aljihun takardu ya zaro wani murfi, gurbin matatar iska ne, kuma babu komai a ciki. Wataƙila tun a Turai aka cire, wataƙila a nan. Duk ƙurar hunturun shekarun nan ta wuce kai tsaye ta manne a jikin akwatin sanyi, wanda kullum a jiƙe yake, ta zama laka. Ya kwance fankar ciki ya wanke ta ramin da buroshi da ruwa, baƙin ruwa na zuba a ƙasan mota. Bambancin yana da sauƙin riƙewa. Iska mai sanyi amma mara ƙarfi, a duba matata da fankar ciki. Iska mai ƙarfi amma mara sanyi, a duba ɓangaren inji.

Duka na biya jika 30 da dala ɗari. Na soka ma'aunina kafin in tashi: mota a tsaye, ƙarfe huɗu da rabi, digiri 13. A kan hanya ta sauko 8.

Ba na jin haushin samarin bakin titi kamar yadda na ji a Madawa. Abin da na tambaya suka ba ni. Injin zuƙe iska da sikeli kuɗi ne, kuma mu masu mota ba ma son zaman awa biyar, ba ma son jin an ce a canza wani abu. Wanda ya ce zai bincika muna ganin zai cuce mu, wanda ya ɗaura tiyo minti goma muna ce masa gwani. Amma dai ina ganin wanda ya cika mota ɗaya sau uku ya kamata ya ce wa mai ita wani abu, ko da sau ɗaya.

Akwai abin da nake so iyaye su ji, domin ina ganinsa a ƙofar makarantarmu lokacin tashi. Uba ko uwa su zo ɗaukar yaro, su bar ƙaninsa yana barci a kujerar baya, gilashi a rufe, inji da kilim na aiki, su shiga ganin darakta "minti biyu". Littafina ya nuna mini cewa tsohon kilim a tsaye ya fi kasawa, kuma ba ya sallama kafin ya kasa. Rele na jika 2 ya isa. Rufaffiyar mota a ranar bazara takan ƙara kusan digiri goma cikin minti goma, jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, ga shi ba zai iya buɗe ƙofa ba. Inna babba ce, muna tare da ita, da ruwa a hannunmu, kuma na ga yadda ta koma. A ɗauki yaron a shiga da shi, ko da zai farka ya yi kuka.

Ban ce kowane kilim zai gyaru da jika 30 ba. Wani abokin aikina da ya je wurin dattijon bayana, hudarsa a jikin akwatin sanyi take, sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, ga kwamfuresa ta fara ci. Da aka faɗa masa kuɗin ya kwatanta da kuɗin makarantar ƴaƴansa, ya ce a bar shi da gilashi a sauke. Ban ga laifinsa ba. Aƙalla ya daina biyan jika 8 duk wata biyu, kuma in zai ɗauki tsoho ko jariri ya san ya tashi da asuba ya dawo bayan la'asar.

Ni ma tawa ba sabuwa ta koma ba. In ta wuni a rana, sai na buɗe gilashi na yi tafiyar minti biyu zafin ya fita, sannan in rufe in danna maɓallin da ke juya iskar ciki, don kada kilim ya yi ta kokawa da ta waje. Duk farkon Maris ina wanke kwandensa, in zaro matata in kakkaɓe. Cikin hunturu ma nakan kunna kilim na ƴan mintoci duk sati, don mai ya zagaya kada zobban roba su bushe. Bazara biyu ke nan ba a ƙara mini gaz ba.

Da muka koma Galmi bayan wata shida, mun wuce Gidan Rumji Inna ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta, ta ce, "Malam, rage abin nan, gwiwata ba ta son sanyi." Na rage. Sai dai a bazarar bana na fara jin wani ɗan ƙara daga gaban kwamfuresa idan inji ya yi zafi. Na kai wa dattijon ya kasa kunne, ya ce faifan da ke kama ta ne ya fara cinyewa, zai iya rage tazarar ya ɗan ja mini lokaci, amma in fara tanadi. Na buɗe sabon shafi a littafin, ina ajiye jika 2 duk wata.